Kotu Ba Ta San Tumuni Ba

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Baffana a Aboabo, cikin Kumasi a ƙasar Ghana, sai aka kira Malam ya zo ya raba gado. Abin da marigayin ya bari ba wani mai yawa ba ne: gida guda, shago a wajen Alabar, da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta fi daɗewa a gareji a kan hanyar Tamale. Ya bar mata biyu, 'ya'ya bakwai, ga kuma mahaifiyarsa da ranta. Malam ya zauna a kan tabarma, ya fara fitar da bashi, ya ware tumuni, wato ɗaya cikin takwas, ya ce matan su raba, ya ba tsohuwa sudusi, ɗaya cikin shida, saura na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu. Aka shafa fatiha, aka watse. Ba a yi wata guda ba sai ga mijin babbar 'yar ya dawo daga Adum, unguwar kotuna da lauyoyi, da wasiƙar lauya, wai wannan rabo bai hau kan wanda bai yarda da shi ba, kuma in aka je gaban alƙali ba haka za a raba ba.

Ni aka aika in sanar da Malam. Na ce, "Allah gafarta Malam, lauyan nan fa ya ce kotu ba ta san tumuni ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai dama dokar Nasara ce, ɗana. Mu dai mun sauke nauyi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Rabinta gaskiya ce, amma ɗaya rabin shi ne yake cutar da mu a Zongo, domin dokar da ta ture rabon Malam ba Bature ne ya rubuta ta ba. A Accra aka yi ta, a 1985, zamanin mulkin soja na Rawlings, ita ce lauyoyi ke kira PNDC 111. Ta ce in mutum ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, kayan ɗaki da gida guda na matarsa ne da 'ya'yansa. Abin da ya rage a kasa shi kashi 16: mata su ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a bi al'adar dangin mamaci. Kuma 'ya'ya daidai wa daida suke, babu namiji babu mace. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san dalilin yin ta. A gadon Asante ɗan 'yar'uwa ne magaji, sau da yawa kuwa mace da 'ya'yanta sukan wayi gari an fitar musu da kaya daga gidan da suka gina da guminsu. Don share musu hawaye aka yi dokar, kuma ta yi amfani. Sai dai a cikin sharar aka haɗa da wani sashe na tsohuwar dokar auren Musulmi wanda ya ce a raba gadon mai auren rajista bisa shari'ar Musulunci. Aka soke shi, yau shekara 40 ke nan da 'yan kai, yawancinmu ba mu ma san an taɓa yin sa ba, balle mu san an cire.

Mu dai mun ɗauki doka tamkar ruwan sama: ta sauko, wanda ta jiƙa ta jiƙa. Alhali a ƙasa irin Ghana tukwane biyu ake dafa ta, ɗaya a Majalisa, ɗaya a kotu, kuma duk biyun a buɗe suke ga mai son ya sa itace. Mu ne ba ma zuwa murhun, sai an sauke mu ce ba gishiri.

Bari in fara da tukunyar kotu, don ita ce mutanenmu suka fi jahilta. Tsarin da lauyoyi ke ce wa "komon lo" a Ingila ya tsiro. A zamanin Sarki Henri na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1154 zuwa 1189, alƙalan sarki suka riƙa zagaya ƙasa suna yanke hukunci, suna dawowa suna kwatanta abin da kowa ya yanke, har hukuncin ya zama bai ɗaya ga kowa. Daga nan sunan ya samo asali, wato dokar gama-gari. Babu wani kundi guda da aka zauna aka rubuta, hukunci ne a kan hukunci kamar jeren tubali. Wannan ne bambancinmu da maƙwabta. A Togo, Burkina Faso da Nijar gadon Faransa suka ci, inda alƙali ke fara buɗe kundi irin wanda aka yi zamanin Napoleon a 1804. Mu kuwa, dokar kafa Babbar Kotu ta 1876 ce ta kwaso mana dokar gama-gari ta Ingila, da ƙa'idojin adalci da ke sassauta tsaurinta, da dokokin da ke aiki a can ranar 24 ga Yuli, 1874. Al'adun mutanen ƙasa aka ce a bi su muddin ba su saɓa wa adalci da lamiri ba, kuma alƙali Bature ne mai auna hakan.

Almajirin da ya yi karatun fiƙihu ba zai sha wuyar gane yadda abin ke tafiya ba, don ya san ƙiyasi. Mas'ala sabuwa ta zo, sai a nemi wadda aka taɓa yankewa mai kama da ita, a duba illar da ta sa aka yanke, in illar ɗaya ce hukunci ɗaya ne. Aikin lauya ke nan dare da rana: wannan ya ce shari'ata irin waccan ce, wancan ya ce a'a, ga inda suka rabu. Ba duk abin da alƙali ya faɗa ne ke zama tilas ba, sai dalilin da ya gina hukuncin a kai. Kuma na ƙasa yana bin sawun na sama. Kotun gunduma da kotun da'ira suna bin Babbar Kotu, ita kuma tana bin Kotun Ɗaukaka Ƙara, dukansu suna bin Kotun Ƙoli. Kotun Ƙoli ce kaɗai sashe na 129 na Kundin Tsarin Mulki ya ba damar ta sauka daga kan maganarta ta baya in ta ga dacewar haka.

Ga misali da ya shafi kowane gida. A 1959, a shari'ar Quartey da Martey, Mai Shari'a Ollennu ya yanke cewa a al'ada wajibin mace ne ta taya mijinta aiki, don haka abin da aka samu na miji ne shi kaɗai. Shekara da shekaru ana bin wannan sawu, ana ɗan sassautawa in mace ta kawo shaidar ta zuba kuɗi mai tsoka. Kundin 1992 ya zo, sashe na 22 ya umarci Majalisa ta gaggauta yin dokar dukiyar ma'aurata. Majalisa ta yi ta jan ƙafa. Sai a 2012, a shari'ar Mensah da Mensah, Kotun Ƙoli ta ce girki da wanki da renon yara da kula da gida su ma gudummawa ne, mace na da rabo a dukiyar da aka tara cikin aure. Ba ɗan majalisa ko ɗaya da ya ɗaga hannu, amma doka ta canja ga duk matan ƙasar, har da Hajiyar da ke sayar da waake, wato shinkafa da wake, a bakin titin Asawase wadda ba ta taɓa jin sunan Mensah ba. Wata mata ce can ta ƙi haƙura ta bi shari'arta har ƙarshe.

To a tsarin da ake bin sawu, wanda bai taka ba ina sawunsa? Fante da Ga da Asante sun fi shekara 100 suna kai ƙarar ƙasa da sarauta da gado. Tun 1897 lauya John Mensah Sarbah ya rubuta al'adun Fante a littafi don alƙalai su samu madogara. Da can sai an kawo shaidu an tabbatar da al'ada kamar yadda ake tabbatar da bashi, amma yawan zuwa ya sa ta zauna daram a littattafan hukunci. Yau sashe na 11 na Kundin ya lissafa tushen dokokin Ghana: Kundin kansa, dokokin Majalisa, ƙa'idojin da hukumomi ke fitarwa, dokokin da aka tarar, sai dokar gama-gari, kuma ya faɗa ƙarara cewa dokar al'ada tana cikinta. Ba a ambaci shari'ar Musulunci ba. Hanyar da take shiga ita ce ta tsohuwar dokar auren Musulmin nan ta 1907, wadda har gobe sunan da Turawa suka laƙaba mana ne a kanta, wato Muhammadawa.

Wannan doka ta ce bayan ɗaurin aure, cikin mako guda, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisin gwamnati su je wurin mai rajista su sa hannu. In mako ya wuce sai an nemi izinin alƙalin Babbar Kotu. Ku gaya mini, a duk ɗaurin auren da kuka halarta daga Yalwa zuwa Sabon Zongo, sau nawa kuka ga an yi haka? Ni kaina ban yi ba. Takardar da ke cikin akwatina ta masallaci ce, mai kyan zane da hatimi, kuma ba ita dokar ke nufi ba. Shi ya sa in rigima ta kai kotu alƙalai kan rasa inda za su ajiye aurenmu. Wasu sun ɗauke shi a matsayin auren gargajiya don kada mace ta tashi a tutar babu, wasu sun ce ba shi da inganci a ƙarƙashin waccan doka. Al'umma guda cur, aurenta na rataye a kan sa'ar alƙalin da aka samu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ban raina shi ba. Kotu tsada gare ta, da Turanci ake yi, ana iya shekara biyar ana "a dawo wata mai zuwa", ga kunyar a ce wane ya kai ɗan'uwansa ƙara a kan gadon uba. Shari'a saɓanin hankali, in ji mutanenmu, kuma sulhu alheri ne. Ban ce a kwashi 'yan'uwa a kai Adum ba. Amma tsakanin tabarmar Malam da teburin alƙali akwai gadoji da doka da kanta ta gina, mu ne muka ƙi hawa. Dokar sasanci ta 2010 ta amince da hukuncin da mai sasanci ya yanke in ɓangarorin sun yarda da shi tun farko, har a iya kai shi kotu a yi masa rajista. Mafi sauƙi kuma ita ce dokar wasiyya ta 1971. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya rubuta yadda za a yi da dukiyarsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, shaidun kada su kasance masu cin gadon. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta cewa an yi haka. Dokar 1985 ba ta taɓa abin da wasiyya ta rufe. Iyaka dai kotu na iya cire wani abu don mata ko iyaye ko yaro ƙarami in ta ga an bar su cikin wahala. Takarda ɗaya da Baffa ya rubuta a raba bisa fara'id, da wasiƙar lauyan nan ba ta da abin kamawa.

Sai tukunya ta biyu. Majalisarmu na da kujeru 276, kuma hanyar da ƙudiri ke bi ba asiri ba ce, tana sashe na 106. Yawanci daga ma'aikata yake fitowa, majalisar ministoci ta amince, ofishin Antoni Janar ya tsara lafazinsa. Dole ya zo da takardar bayani mai faɗin cutar da ake son magancewa, dole kuma a buga shi a Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, aƙalla kwana 14 kafin a shigar da shi, sai fa in an ce na gaggawa ne. Karatu na farko suna kawai ake kira, a miƙa wa kwamiti. Karatu na biyu a yi muhawara a kan manufarsa, sannan a bi shi sashe-sashe ana gyara, a yi karatu na uku, a kai wa Shugaban Ƙasa. Yana da kwana 7 ya ce ya sa hannu ko ya ƙi, ko ya tura wa Majalisar Mashawarta ta Ƙasa. In ya ƙi ya faɗi dalili, in kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suka dage, ba shi da zaɓi.

Mu hayaniyar zauren muke kallo a talabijin, amma naman yana wurin kwamiti. A nan ne ake gayyatar jama'a su kawo ra'ayinsu a rubuce, a nan ake sauya "dole" ta koma "ana iya", kalma ɗaya da za ta raba mutum da gidansa ko ta bar masa. Ƙungiyoyin lauyoyi da majami'u da 'yan kasuwa da masu kare haƙƙin mata ba sa wasa da wannan mataki. Sarakuna ma sun fi kowa dabara, don sun sa an rubuta a Kundin cewa ba a shigar da ƙudirin da ya taɓa sarauta sai an fara kai shi Majalisar Sarakuna ta Ƙasa, wadda ke nan Kumasi kusa da mu. Mu ba mu da irin wannan shinge, sai dai mu sa ido da kanmu.

Akwai kuma ƙananan dokokin da ministoci ke fitarwa, waɗanda su ne ma suka fi taɓa talaka. Ajiye su kawai ake yi a gaban Majalisa, in aka yi zama 21 ba a samu kashi biyu cikin uku sun soke ba, sun zama doka. Ta wannan hanya ƙa'idar hanya ta 2012 ta bi ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi. Samarinmu masu okada a bakin ɗan sanda suka fara jin labarinta.

Ba na zargin iyayenmu da suka gudu daga harkar doka, don sun ga abin da ya tsorata su. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, jigon Zongon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, dukansu manya a jam'iyyar Musulmi ta wancan lokaci mai adawa. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan Ghana ne, ba a korar ɗan ƙasa. Shari'a na gaban alƙali sai Majalisa ta yi wata doka ta musamman da sunayensu a kanta, ta kashe maganar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Sai ga 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, Zongo ta ga tashin hankalin da har yau tsofaffi ba sa son tunawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai tsumman yanzu ba macijin da ba ne. A zamanin Nkrumah an bi ra'ayin Ingila cewa Majalisa ce gaba da kowa, shi ya sa ko a shari'ar Baffour Akoto ta 1961, da J.B. Danquah ya tsaya wa waɗanda aka tsare ba tare da tuhuma ba, Kotun Ƙoli ta ce ba ta da ta cewa. A Kundin 1992 ba haka abin yake ba: shi ne sama da Majalisa, duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi, kowane ɗan ƙasa na iya zuwa Kotun Ƙoli ya nemi a bayyana haka, kuma sashe na 107 ya hana Majalisa yin dokar da za ta sauya hukuncin kotu tsakanin masu shari'a.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun san hanya in mun ga dama. Hutun Sallah biyu bai faɗo daga sama ba, nema aka yi aka samu. Asusun raya Zongo doka ce ta Majalisa, ta 2017. Ɗan majalisa guda ma yana iya ɗauko ƙudiri da kansa muddin bai ɗora wa baitulmali nauyi ba. Na mazaɓar Madina da ke Accra, Francis-Xavier Sosu, ya yi haka a 2023 a kan hukuncin kisa, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Amma mu in ɗan majalisa ya shigo unguwa, me muke tambayarsa? Sukari da shinkafar azumi, kujerar Makka, kuɗin makarantar yaro, fitilar masallaci. Ban taɓa zama a wani taro ba inda wani ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ina aka kwana a kan dokar 1907?" An daɗe ana maganar sabon ƙudirin aure da saki na Musulmi, an kuma sha kai gyaran dokar gado Majalisa wa'adi ya ƙare bai wuce ba. Kowane jinkiri dama ce ta shigar da sashe guda da zai ba Musulmi zaɓin a raba masa bisa addininsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasashen dokar gama-gari, don Kenya na da kotunan Ƙadi a cikin Kundinta na 2010, Gambiya ma tana da su.

Sai dai kafin mu je Accra akwai wankin da za mu yi a gida. Wa zai yi magana da yawunmu, alhali Tijjaniyya da Ahlussunna da Ahmadiyya da Shi'a ko ganin wata bai cika haɗa mu ba? Ofishin Babban Limamin Ƙasa na iya tara mu, amma rubutun sai lauyoyinmu da malamanmu sun zauna a tabarma ɗaya. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba ƙin Allah ne ke kai wasu 'yan'uwanmu mata wurin lauya ba. Sun ga yadda ake karanta musu rabonsu a baki, sannan a ce "gidan gado ba a sayarwa", yayye maza su ci gaba da karɓar kuɗin haya shekara 20. 'Yar Baffa abin da ta hango ke nan. Duk ƙudirin da za mu kai wanda bai tanadi yadda mace za ta karɓi nata a hannu ba, matanmu ne za su fara yaƙarsa a gaban kwamiti, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Maganar gidan Aboabo dai ba ta kai gaban alƙali ba. An sake zama, aka kira mai kimanta gida, maza suka yarda su biya mata rabonsu da kuɗi cikin shekara guda, aka rubuta, kowa ya sa hannu, lauyan ya buga hatimi. Bayan nan na koma wurin Malam da tawa takardar, na roƙe shi ya zama shaida. Ya ce, "Ɗana, ba ka san babu wasiyya ga magaji ba? Kuma ba ta wuce sulusi." Na ce, "Allah gafarta Malam, ban ba kowa komai a ciki ba. Cewa kawai na yi a raba yadda Allah ya raba, na kuma ambaci wanda zai tsaya a kai." Ya sa na karanta masa sau biyu, na fassara masa layi-layi. Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami, sannan ya tambaye ni nawa lauyan ke karɓa, don shi ma yana da gida a Sawaba da mata uku.